Idan Mai Addu'a Ya Daina Jin Amsa

A cikin jarrabawoyin da Allah yakan jarrabi bayinsa da su, akwai waɗanda idon jama'a ke gani har su kawo ɗauki gwargwadon ƙarfinsu: matalauci a ba shi sadaka, majinyaci a je masa dubiya, wanda aka yi wa rasuwa a zauna masa makoki. Amma akwai wata jarrabawa wadda ba ta barin rauni a jiki, wadda mai ita yakan ɓoye ta ko ga matar da suke kwana ɗaki ɗaya, ita ce mutum ya wayi gari bai bar ibadarsa ba, bai sauya aƙidarsa ba, bai kuma san wani babban saɓo da ya aikata ba, amma ya tarar addu'ar da a da can take sanyaya masa zuciya ta koma kalmomi kawai da baki ke furtawa, Littafi Mai Tsarki da yakan buɗe ya ji da shi ake magana ya koma baƙaƙe a kan takarda, Ubangijin da ya saba jin kusancinsa kuma ya yi shiru, shirun da kan ɗauki watanni, wani lokaci ma shekaru. In ya yi ta maza ya faɗa wa 'yan'uwa a ikilisiya, amsar da ya fi samu ita ce, "Ɗan'uwa, ƙara azumi da addu'a," ko kuwa, "Bincika zuciyarka, akwai zunubin da ba ka tuba daga gare shi ba." Sai ya koma gida da shirun Allah a ƙirjinsa, ga kuma zargin mutane an ɗora masa a kai.

A ganina wannan amsa, duk da kyakkyawar niyyar masu ba da ita, tana nuna rashin sanin gadon da Kirista suka gada, domin manyan waliyyan wannan addini sun bi ta wannan hanya tun kafin mu, sun siffanta ta siffantawar wanda ya ɗanɗana, sun kuma bar mana bayanin irin salamar da ake samu a cikinta, wadda ta sha bamban da abin da yawancinmu muke nufi idan mun roƙi kwanciyar rai.

Duniya ta san Uwa Teresa ta Kalkatta da murmushi da farin mayafi mai shuɗin baki. An haife ta a birnin Skopje a 1910, cikin iyalin Albaniyawa, ta shiga ƙungiyar sistocin Loreto tana da shekara 18, ta isa Indiya a 1929, ta yi shekaru masu yawa tana koyar da 'yan mata a makaranta. A ranar 10 ga Satumba 1946, tana cikin jirgin ƙasa zuwa Darjeeling, ta ji kiran da ta yi yaƙini daga Almasihu yake, cewa ta bar makaranta ta fita wurin mafiya talaucin birnin Kalkatta. Ta fita a 1948, aka kafa ƙungiyarta a 1950, ta buɗe gidan masu jiran mutuwa a unguwar Kalighat a 1952, aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 1979, ta rasu a 1997. Wannan shi ne zahirin tarihinta, kuma da a nan ya tsaya da babu abin da zai sa mu kawo ta cikin wannan mas'ala. Sai a 2007, da Fada Brian Kolodiejchuk, wanda aka ɗora wa alhakin tattara shaidu a kan waliccinta, ya buga wasiƙun da ta rubuta wa malaman da ke yi mata jagora a ruhaniya, wasiƙun da ita da kanta ta roƙi a ƙone, sannan mutane suka san cewa tun daga kusan lokacin da ta fara aikin, har zuwa ƙarshen ranta, wato wajen shekara hamsin, matar nan ba ta jin kusancin Allah ko kaɗan. Ta rubuta wa Babban Bishop na Kalkatta, Ferdinand Périer, da wasunsa, cewa tana jin kamar Allah ba ya sonta, sama ba ta nufin kome a gare ta, murmushin da ake gani kuma sutura ce da take rufe abin da ke ciki. Sauƙin da aka sani ta samu bai wuce na 'yan makonni ba, a 1958, bayan addu'ar Mas da aka yi wa marigayi Paparoma Pius na 12. Daga nan duhun ya komo.

Da littafin ya fito, masu sukarta suka ce ga shi ta fallasa kanta, ashe munafunci take yi, tana kiran mutane zuwa ga abin da ita ba ta gaskata ba. Wannan hukunci ya ginu a kan zaton cewa bangaskiya da jin daɗin bangaskiya abu ɗaya ne, kuma abin takaici shi ne masu wa'azi da yawa a cikin majami'unmu a kan wannan zato ɗin suke gina wa'azinsu, bambancinsu da masu sukar kawai shi ne su suna neman ƙara wa mutum jin daɗin, waɗancan kuwa suna murnar ya rasa shi.

Wanda ya fi kowa warware wannan ƙulli wani ruhubani ne na ƙasar Sifen, Yohanna na Gicciye, wanda aka haifa a 1542 a ƙauyen Fontiveros, ɗan masaƙi, maraya tun yana ƙarami, wanda ya yi aikin jinya a asibitin Medina del Campo kafin ya shiga ɗariƙar ruhubanawan Karmel. Da ya haɗa kai da Teresa ta Avila wajen mayar da ɗariƙar ga tsananin zuhudunta na farko, sai 'yan'uwansa da ba su son gyaran suka kama shi a watan Disamba 1577, suka kulle shi a wani ɗan ƙaramin ɗaki a gidansu na Toledo, inda haske ba ya shiga sai ta wata 'yar kafa a can sama, abincinsa gurasa da ruwa da ɗan kifi, ana kuma fito da shi a yi masa bulala a gaban jama'ar gidan. Kusan wata tara ya yi a haka, kafin ya tsere a watan Agusta 1578 da igiyar da ya ƙulla daga yagaggun barguna. Abin lura shi ne masu azabtar da shi ba maƙiyan addininsa ba ne, mutanen da suke sanye da riga irin tasa ne, suna karanta littafin da yake karantawa, kuma babu abin da ya fi wannan jefa wa mai bi waswasi, domin dole ya tambayi kansa ko su ne a kan gaskiya shi ne ya ɓata. A cikin wannan ɗaki ya tsara baitocin da har yau ake lissafa su cikin mafiya kyawun waƙoƙin harshen Sifaniyanci, bayan fitarsa kuma ya rubuta sharhi a kan halin da ya kira daren duhu na rai.

Taƙaitaccen karatunsa shi ne, Allah yakan fara jawo mai nemansa da zaƙi, ya sa addu'a ta yi masa daɗi, hawaye su zubo masa cikin sauƙi, kamar yadda uwa take shayar da jinjiri tana goya shi; amma idan lokacin yaye ya yi, sai ta shafa wa nono abu mai ɗaci, ta sauke yaron ya taka ƙasa da ƙafarsa, shi kuwa ya yi ta kuka yana zaton an ƙi shi, alhali ba a taɓa kula da shi kamar a wannan lokacin ba. Yohanna ya ce mai ibada da aka bari cikin zaƙi har abada, ba tare da ya sani ba, zaƙin zai koma bauta wa, ya shiga alfahari da halinsa, ya raina waɗanda ba su kai shi kuka ba, ya riƙa auna Allah da ma'aunin abin da yake ji a ƙirjinsa. Janye zaƙin, a fahimtarsa, shi ne hanyar raba bawa da wannan ɓoyayyen shirka. Bai kuma bar maganar a sake ba, sai da ya kafa alamomi na rarrabe wannan dare da sanyin jikin mai sakaci. Mai sakaci, idan ibada ta daina yi masa daɗi, yakan sami daɗinsa a wani wuri, ko kasuwa ko hira ko shagala, kuma rashin Allah ba ya hana shi barci. Wanda ke cikin daren kuwa ba ya samun ta'aziyya a cikin al'amuran Allah, ba ya kuma samunta a cikin al'amuran duniya, tunanin Allah ba ya barinsa, kullum yana cikin fargabar cewa shi ne ya ja da baya. Wannan fargaba ita kanta hujja ce a gare shi, domin ba a kewar abin da ba a ƙauna.

Mai karatu Musulmi, musamman wanda ya zauna gaban malaman tasawwufi, ba zai ji wannan magana baƙuwa ba. Sufaye sun daɗe suna bayanin ƙabdu da basɗu, ƙuntatar zuciya da yalwatarta, Alƙushairi ya ware musu wuri a cikin Risalarsa, Ibn Aɗa'illahi a cikin Hikam ya ja kunnen muridi cewa rai yana da rabonsa a cikin yalwa, ba shi da rabo a cikin ƙunci, mai sharhin Hikam kuma, Ibn Abbad, wanda aka haifa a Ronda ta Andalus ya rasu a Fas a 1390, ya faɗaɗa wannan ma'ana ƙwarai, har wani masanin Sifen, Miguel Asín Palacios, ya rubuta a 1933 cewa yana ganin sawun karatun Shazaliyya, ɗariƙar su Ibn Abbad, a cikin karatun Yohanna, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan ko an ɗauko ne ko kuwa mutane biyu ne suka bi hanya ɗaya suka ga abu ɗaya. Malaman tafsiri ma sun ambaci cewa Suratud Duha ta sauka ne bayan wahayi ya jinkirta. Saboda haka shirun sama abu ne da masu neman Allah na addinan biyu suka sani.

Inda hanyoyin suka rabu, kuma ya kamata a faɗe shi a fili cikin ladabi, shi ne a gindin gicciye, wanda Musulmi ba su yarda da aukuwarsa ba, Kirista kuwa a kansa dukkan ta'aziyyarsa ta rataya. Linjila ta ba da labarin cewa a daren da aka bashe shi, Yesu ya durƙusa a lambun Getsamani ya roƙa har sau uku a ɗauke masa abin da ke gabansa, ba a ɗauke ba, almajiran da ya nemi su taya shi tsaro kuma barci ya kwashe su. Matiyu da Markus duka sun rubuta cewa a kan gicciye ya ɗaga murya da kalmomin farko na Zabura ta 22, yana tambayar Allah dalilin da ya yashe shi. Marubutan Linjila suna da ikon su bar wannan kuka a waje, domin ba ya ƙawata labarin shugaba a idon masu sauraro, amma suka rubuta shi, har suka adana shi cikin harshen da aka furta shi. Ma'anar wannan ga mai bi tana da girma ainun: idan wanda ya gaskata shi ne Ɗan Allah ya ɗanɗani yasarwa, alhali babu zunubi a gare shi, to jin yasarwa ba zai zama tabbatacciyar shaidar zunubi ba, ba zai kuma zama wurin da Almasihu bai taɓa takawa ba. Littafin addu'ar da Yesu ya tashi a cikinsa ma ya tanadi wuri ga irin wannan hali. Galibin zaburorin kuka sukan juya a ƙarshe su koma yabo, amma Zabura ta 88 ba ta juyawa, cikin duhu ta fara cikin duhu ta ƙare, kuma waɗanda suka tattara littafin ba su cire ta ba, ba su kuma ƙara mata baiti mai daɗi don su gyara ta ba. Sun bar ta domin mutumin da ba shi da abin faɗa wa Allah sai ƙorafi ya san cewa ƙorafin ma addu'a ce karɓaɓɓiya.

Wannan ita ce fahimtar da wani fada na ƙungiyar Jesuit, Joseph Neuner, ya kai Uwa Teresa gare ta wajen 1961, bayan ta yi fiye da shekara goma tana zargin kanta. Ya nuna mata cewa ba laifinta ne ya jawo duhun ba, babu kuma dabarar ɗan'adam da za ta kore shi, ƙishin Allah da ke cinta shi ne alamar cewa Allah yana nan a ɓoye, kuma tana iya karɓar halin a matsayin rabonta daga wahalar Almasihu da ta mutanen da take tsintowa a bakin titi, waɗanda babban ciwonsu shi ne babu mai sonsu. Daga wasiƙunta na bayan wannan an ga cewa duhun bai tafi ba, amma ta daina yaƙi da shi, ta daina karanta shi a matsayin hukunci. Ta ci gaba da tashi tun kafin asuba tare da sistocinta, ta durƙusa a gaban wanda ba ta ji, sannan ta fita aiki, shekara bayan shekara.

Ko wannan ya cancanci a kira shi salama? Na yi imani ya cancanta, bal ma shi ne mafi ƙarfin nau'inta. Kwanciyar ran da ta dogara ga abin da zuciya ke ji tana hawa da sauka tare da lafiyar jiki da yawan barci da labarin da aka wayi gari da shi, wanda kuma ya jingina tabbacin cetonsa a kanta zai yi ta auna kansa dare da rana, yau ya ga ya tsira gobe ya ga ya hallaka. Wadda Yohanna da Uwa Teresa suka samu kuwa ta taso ne daga daina aunawar. Mutum ya sallama cewa alkawarin Allah yana tsaye ko ya ji ko bai ji ba, cewa riƙon da Allah ya yi masa ya fi ƙarfin riƙon da shi ya yi wa Allah, sai wani nauyi ya sauka daga kansa, nauyin tilasta wa zuciya ta haifar da abin da ba ya cikin ikonta. Bulus Manzo ma ya roƙa sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, amsar da ya samu ba cirewa ba ce, alkawarin isasshen alheri ne, da wannan kuma ya ƙarasa aikinsa.

Sai dai wannan karatu yana da haɗarinsa, kuma wanda ya ɓoye haɗarin ya ci amanar mai karatu. Akwai tazara kaɗan tsakanin karɓar wahalar da ba ta da magani da ƙawata wahalar da ke da magani. A 1994 editan mujallar likitoci ta Lancet, Robin Fox, ya ziyarci gidan Kalighat, ya yaba da tsabta da kulawa, amma ya yi ƙorafin ƙarancin bincike irin na likita da rashin magunguna masu ƙarfi na kashe zafin ciwo. Wannan suka tana da nauyi, kuma waliccin mutum ba ya goge ta. Abin da mutum ya karɓa wa kansa a cikin sirrinsa da Ubangijinsa ba shi da izinin ɗora shi a kan jikin wani.

Haɗari na biyu ya fi kusa da mu, shi ne a ɗauki ciwon baƙin ciki, wanda cuta ce da likita ke dubawa, a sa masa sunan daren ruhaniya, ko kuma a ce aljanu ne ko maita, a hana mai shi magani. Yohanna kansa, tun a ƙarni na 16, ya yi gargaɗin cewa wani bushewar zuciyar daga rashin lafiyar jiki yake tasowa. Wanda ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya kasa aikin da ya saba, ko ya fara tunanin kashe kansa, haƙƙinsa ne a kan 'yan'uwansa su kai shi asibiti, akwai kuwa asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, addu'a kuma ta raka shi can, kada ta tare masa hanya.

Akwai kuma wanda duk wannan bayani bai isa ya ta'azantar da shi ba, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. William Cowper, mawaƙin Ingila da aka haifa a 1731, hankalinsa ya gushe a 1763, ya yi yunƙurin kashe kansa, aka kai shi gidan jinyar Likita Nathaniel Cotton a St Albans, inda ya warke ya kuma sami bangaskiya yana karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. A 1767 ya koma garin Olney, ya zama maƙwabcin limamin cocin garin, John Newton, wanda a da can kyaftin ne na jirgin fataucin bayi. Tare suka shirya littafin waƙoƙin ibada na Olney da aka buga a 1779, wanda fiye da 60 daga cikin waƙoƙinsa na Cowper ne, wasu har yau ana rera su. Amma a farkon 1773 ciwon ya dawo, ya yi wani mafarki da ya tabbatar masa a ransa cewa Allah ya yanke masa hukuncin hallaka, shi kaɗai daga cikin masu bi, daga nan bai ƙara shiga sujada a majami'a ba. Ya ci gaba da rubutu, ya fassara waƙoƙin Homer, ya yi waƙoƙin yaƙi da cinikin bayi, ya gaskata dukkan abin da Linjila ta faɗa game da kowa ban da kansa, har ya rasu a 1800 bai ji sauƙi ba. Babu Neuner da ya iya juya masa ma'anar duhunsa.

Idan salama sai an ji ta ne take tabbata, to Cowper ya mutu babu ita, ba kuwa zan yi ƙarya in ce ya same ta ba. Abin da zan iya cewa shi ne, a irin wannan hali amanar takan koma hannun ikilisiya, ta riƙe wa mutum bangaskiyar da shi ya kasa riƙewa. Abokan Ayuba uku sun yi daidai a kwana bakwai na farko, da suka zauna tare da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Ɓatansu ya fara ne sa'ad da suka buɗe baki suna nemo masa zunubin da zai bayyana masifarsa, a ƙarshen littafin kuma su Allah ya tsauta wa, ba Ayuba mai ƙorafi ba. Newton bai bi sawunsu ba. Da ciwon ya tsananta a 1773, ya ɗauki abokinsa ya ajiye shi a gidansa fiye da shekara guda, shi da matarsa da aminiyar Cowper, Mary Unwin, suna tsaronsa dare da rana, ya nemo masa likita, bai taɓa yarda da hukuncin da Cowper ya yanke wa kansa ba, bai kuma yi fushi don an ƙi karɓar ta'aziyyarsa ba. Bayan ya koma Landan a 1780 ya ci gaba da rubuta masa wasiƙu har kusan ƙarshen ransa, da labarin rasuwar ya iso shi kuma ya hau mumbari ya shaida wa jama'arsa cewa ba ya shakkar makomar abokinsa, abin da Cowper ya yi shekara 27 ana faɗa masa bai iya gaskatawa ba.